An gyara zuciyar maigida, amma ganinsa ya tafi: wa ya taɓa ganin irin wannan?

Ummu_Haidar (Jidda):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Watan jiya aka yi wa maigidana Baban Haidar amaliyya, wato tiyatar zuciya, aka canja masa bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, wanda ake kira sammam ɗin mitral, aka sa na ƙarfe. Likitoci sun ce aiki ya yi kyau, kuma gaskiya ne, hakin da yake yi in ya hau bene ya tafi, kumburin ƙafa ya saɓe. Amma a rana ta uku, yana ɗakin inaya, wato ɗakin kulawa ta musamman, sai ya tambaye ni wa ya kashe fitilar da ke hagunsa. Yanzu idon hagu haske da duhu kawai yake bambancewa. Na dama kuma rabin sama yake gani: in na tsaya gabansa yana ganin fuskata, amma kwanon da ke kan cinyarsa ba ya gani. Likitan ido ya ce jini ne bai ishi jijiyar gani ba, kuma tabarau ba zai yi amfani ba. Direba ne, da tuƙi tsakanin Jidda da Makka ya riƙe gidan nan. Ya daina amsa waya, ko yara ba ya so su shigo ɗakin. Ganin nan yana dawowa kuwa? Sakacin likita ne? Ni kuma me zan yi masa a gida?

Abu_Sadik_Misfala:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba shi lafiya. Gobe in na shiga Harami zan sa shi a addu'a in sha Allah.

Dan_Karantina:
Ina ruwan zuciya da ido? Mutum ya shiga da idonsa biyu garau ya fito babu, a ce ba laifin kowa? Hajiya ki kai ƙara. Mu baƙi an saba yi mana a ce mu yi haƙuri.

Nas_Hauwa (Madina):
Sannu 'yar uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Ina aiki a sashen masu ciwon zuciya, bari in faɗi abin da na sani. @Dan_Karantina akwai ruwan zuciya da ido sosai. Lokacin canja bawul tsayar da zuciya ake yi, a juya jinin mutum cikin na'urar da ke yin aikin zuciya da huhu, irin wadda aka fara nasara da ita tun 1953 a Amurka. A sa'o'in nan jini yakan tsinke saboda ruwan da ake haɗa shi da shi, ƙarfin bugunsa yakan sauka, mutum kuma ya zubar da jini. Jijiyar gani da ƙananan hanyoyin jini take rayuwa, in abin da ke isa gare ta ya gaza sai ta kumbura, kumburin ya ƙara matse hanyoyin. Shi ya sa wasu ba a ranar farko abin ke bayyana ba, sai bayan kwana biyu ko uku, kamar na maigidanki. Rasa rabin gani na ƙasa kuma sananniyar alamarsa ce.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Ɗan gudan jini ko ɓarɓashin sinadarin kalsiyam da ya taru a tsohon bawul na iya tafiya ya toshe jijiyar jinin da ke ciyar da bayan ido. Ko ya tafi ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani, a samu ido lafiya lau amma mutum ba ya gani. Wannan na ƙarshen ya fi saurin warwarewa.

Abin ba ya da yawa. Wani babban bincike a Amurka da ya duba shekarun 1996 zuwa 2005 ya sami ƙasa da mutum 9 cikin kowane 10,000 da aka yi wa aikin zuciya. Masu ciwon suga da hawan jini, da waɗanda aikinsu ya ja lokaci, sun fi shiga haɗarin. Kuma yana faruwa ko da an yi komai daidai.

Ummu_Haidar (Jidda):
Yana da suga kam, kuma sun ƙara masa jini. Aunty Hauwa ki faɗa mini gaskiya, zai dawo?

Nas_Hauwa (Madina):
Ba zan yaudare ki ba. Jijiyar gani zare ne sama da miliyan ɗaya, kamar wayar lantarki tsakanin ƙwan fitila da makunni, kuma zaren da ya mutu ba ya sake tohowa. Amma ba duka ke mutuwa ba, wasu kumburi ne ya danne su. Shi ya sa wasu marasa lafiya ke samun ɗan ƙari a watannin farko. Ɗan ƙari na ce, kada ki sa ran komawa yadda yake a da. Abin da ya rage a idon dama shi za a tsare: suga, hawan jini, mau'idi, wato ranar ganin likitan ido, kada a tsallake. In wani duhu sabo ya zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ku kira motar asibiti a 997 nan take, kada a jira gari ya waye.

Dan_Karantina:
To na ji. Amma an gaya musu kafin ya sa hannu? Nan ce maganar.

Ummu_Haidar (Jidda):
Sun yi maganar mutuwa da shanyewar ɓarin jiki da ƙoda. Ido dai ban ji an ambata ba. Takardar da Larabci take, shi ya karanta ya sa hannu.

Nas_Hauwa (Madina):
Haƙƙinku ne ku nemi cikakken taƙarir, wato rahoton likita, na aikin da na ɗakin inaya, ba roƙo ba ne. In kuna da ƙorafi akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937. Ban ce kada ku bi ba, cewa na yi faruwar abin kaɗai ba ta nuna sakaci.

Goggo_Rakiya:
Ke 'yar nan, ki nemo tozalin ismid na Madina ki riƙa sa masa da dare, da zuma farar saƙa ana ɗiga masa, a wanke da zamzam. A yi masa ƙaho a ƙeya. Ki jiƙa hulba da habbatus sauda yana sha. Maƙwabcinmu haka aka yi masa, ga shi nan yana karatun Alƙur'ani.

Bashir_Saidaliyya (Riyad):
Goggo don girman Allah a dakata da maganar ƙaho. Mai bawul na ƙarfe yana shan warfarin har ƙarshen rayuwarsa, jininsa a tsinke yake da gangan. Ga mai sammam ɗin mitral yawanci awon siyula, wato awon tsinkewar jini da ake kira INR, tsakanin 2.5 da 3.5 ake so. In ya haura sai zubar jini, in ya gaza sai jini ya daskare a kan bawul ɗin. Tsaga fatar irin wannan mutum ba da sanin likitansa ba ganganci ne. Hulba ma tana iya ƙara tsinka jini. Ganye irin su mulukiyya, alayyafo da zogale kuma suna rage ƙarfin maganin. Ba a hana ci ba, a dai riƙe ma'auni ɗaya, kada wannan mako a ci kullum mako mai zuwa a daina.

@Ummu_Haidar abin da ya fi damuna shi ne wa ke ba shi maganin. Da launi mutane ke gane ƙwayar warfarin, launin kuma ya danganta da kamfani: a Marevan mai ruwan hoda 5 ce, a Coumadin mai ruwan hoda 1 ce. Mai ido ma yana ruɗewa, balle shi. Ki sayi akwatin magani mai gidaje bakwai, ki cika da hannunki duk mako, ki karanta lambar da ke jikin kwalin.

Goggo_Rakiya:
Yanzu maganin Annabi ne ya zama ganganci? Allah Ya kyauta.

Malam_Iliyasu:
Hajiya Rakiya, Bashir bai ƙi sunna ba. Ƙaho magani ne, kuma kowane magani da mai shi da lokacinsa. Shari'a ta hana cutarwa. Zamzam ya sha ya shafa, addu'a kuma ba a fasawa. Ga Baban Haidar kuwa, a karanta masa hadisin Anas da ke cikin Bukhari, inda Allah Ya ce in Ya jarrabi bawansa da masoyansa biyu, wato idanunsa, ya yi haƙuri, zai musanya masa su da Aljanna.

Nas_Hauwa (Madina):
Goggo wataƙila na maƙwabcinku ciwon gaban ido ne. Wannan a can baya yake, abin da aka ɗiga a ido ba ya kaiwa wurin. Zuma a ido kuma tana iya jawo wani ciwon a idon da ya rage masa.

Sani_Mai_Sanda (Makka):
Salamu alaikum. Da murya nake rubuta wannan, wayata ce ta karanta mini duk abin da kuka faɗa. Ni hawan ruwan ido ne ya tafi da ganina ina da iyali, ba aikin zuciya ba, amma ɗakin da maigidanki ya kulle kansa a ciki na san shi.

Malam Iliyasu ka yi gaskiya, amma a bar hadisin sai ya nema ko ya huce. A farkon lamari duk wanda ya ce mini in yi haƙuri ji nake kamar ya ce in yi shiru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a zo gaishe ni a riƙa tambayar matata, "yaya jikin nasa?" ina zaune a wurin. Hajiya, duk wanda ya shigo ya yi sallama ya faɗi sunansa, in zai fita ya ce zai fita, kada a bar shi yana magana da bango.

A gida kada a canja wa kaya wuri. Ƙofa ko a rufe ta ruf ko a buɗe ta har bango, wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi. Tunda ƙasa ne ba ya gani, takalman yara da tabarma mai naɗewa da wayar caji su ne abokan gabarsa. Ki manna tef mai launi a bakin kowace matakala, ki koya masa sunkuyar da kai sosai in zai duba ƙasa, don rabin da ke gani ya sauka a kan hanya. Shayi a farin kofi, farar shinkafa a faranti mai duhu. In kin ajiye abinci ki ce nama na hannun damanka, miya na gabanka, ki bar shi ya ci da kansa. Kada ki ba shi a baki. Ni ranar da na zuba wa kaina shayi, na ɗora yatsa a bakin kofi har na ji tururin ya iso, ranar na yarda zan rayu.

In za ku fita kada ki ja shi. Shi zai riƙe gwiwar hannunki, ke kina gaba da rabin taku.

Nas_Hauwa (Madina):
Wannan na ƙarshen ki riƙe shi da kyau. Ƙashin ƙirjinsa da waya aka ɗaure, yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Jan hannunsa, ko ya faɗi ya dafa ƙasa da ƙarfi, duka haɗari ne. Faɗuwa ga mai shan warfarin kuma ba ƙaramin abu ba ce, in ya bugu a kai a je asibiti ko da ya ce ba komai.

Ummu_Haidar (Jidda):
Malam Sani wallahi sai da na yi kuka, a baki nake ba shi abinci. Akwai abin da na ji nauyin faɗa. Yana ganin abubuwa. Ya ce ƙananan mutane masu korayen kaya suna wucewa ta gefen hagu, wani lokaci zanen darduma ya cika bango. Ya san ba gaskiya ba ne, ba sa magana, amma yana tsoron a ce ya taɓu. Mahaifiyarsa daga Kano ta ce sammu ne, a kai shi ruƙiyya. Da dare kuma ƙarar bawul ɗin, kas-kas-kas kamar agogo, tana hana shi barci.

Nas_Hauwa (Madina):
Ki gaya masa yau ɗin nan bai taɓu ba. Sanannen abu ne ga wanda ya rasa gani, tun 1760 wani mutumin Suwizalan mai suna Charles Bonnet ya bayyana shi a kan kakansa, da sunansa ake kiran abin har yau. In saƙo daga ido ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta fara fito da hotuna da kanta. Alamarsa ita ce wadda kika faɗa, mutum ya san ba gaskiya ba ne kuma babu murya. Yakan ragu da lokaci. Kunna fitila, ƙifta ido ko tashi a canja wuri na taimaka wa wasu. Amma ku sanar da likita duk da haka. Ƙarar bawul kuma kowa da na ƙarfe yana ji, yawanci kunne na sabawa. A kunna fanka ko karatu a hankali.

Malam_Iliyasu:
Ruƙiyya da Fatiha da Falaƙi da Nasi ke ma za ki iya yi masa a gida. Ku guji mai cewa a daina maganin asibiti ko mai ba da abin sha da ba a san haɗinsa ba.

Adam_Maiwurno:
Ni daga Sudan nake, yanzu ina Jidda. A wurinmu masu ciwon bawul yara ne da matasa, daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun suna ƙanana. Ƙanena a cibiyar Salam da ke Soba, Khartum, aka canja masa, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, kyauta. Ya fito lafiya. Wahalar da muka sha bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ce, neman warfarin da wurin awon jini. Abin da nake so in ce, Hajiya, kada damuwar ido ta sa a yi sake da zuciyar. Kuma masu yara, ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai asibiti.

Zainab_Taif:
Jama'a kun tsorata ni. Wata mai zuwa za a yi wa Innarmu irin wannan aikin. Mu fasa ne?

Adam_Maiwurno:
Kada ku fasa. Na ga waɗanda suka jinkirta har zuciya ta buɗe, aka ce aiki ba zai yiwu ba kuma.

Nas_Hauwa (Madina):
@Zainab_Taif ki koma ki duba adadin da na kawo a sama. Bawul da ya lalace aka bar shi ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Ki tambayi likitan kai tsaye a kan ido, ki faɗa masa in tana da suga, ƙarancin jini ko wani ciwon ido. In ta farfaɗo ki rufe mata ido ɗaya bayan ɗaya ki tambaye ta me take gani, don mai ido ɗaya lafiya yakan daɗe bai lura ba.

Dan_Karantina:
Kowa na maganar shayi da kofi, ba mai maganar abinci. Mutumin nan direba ne. Iƙamarsa, takardar izinin zama, fa? Kafili, wanda ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa, zai ci gaba da riƙe direban da ba ya tuƙi? Ta'amin, wato inshora, fa? Ni a ganina su tattara su koma gida Kano, ko banza akwai dangi.

Hajiya_Bilki_Hindawiyya:
Su koma su yi me? A nan aka haifi yaran. Kuma ka san yadda wasu a gida ke kallon makaho, sai a miƙa masa yaro ɗan jagora da ƙoƙo. Mutumin da ya riƙe gida da guminsa?

Abu_Sadik_Misfala:
Hajiya Bilki ba haka gida yake duka ba. Akwai makafi malamai da ma'aikata a Kano, makarantar Tudun Maliki ma ta daɗe tana koyar da su. Amma maganar Dan_Karantina abin dubawa ce, a zauna da kafilin tun yanzu kafin lokacin sabunta iƙama, ko akwai wani aikin da ba na tuƙi ba.

Sani_Mai_Sanda (Makka):
Wanda ya san hanyoyin Jidda da Makka a ka, ya san direbobi, ya iya Larabci da Hausa, zai iya tsara motocin alhazai da masu umara ta waya. Wayar ce sabon aikinsa. In iPhone ce akwai VoiceOver, in Android ce TalkBack, masu karanta maka abin da ke fuskar waya da murya, duka a ciki suke ba sai an saya ba. Akwai Be My Eyes, ka kira mai ido ya duba maka ta kyamara ya karanta maka takarda. A Jidda akwai ƙungiyar Ibsar masu horar da masu raunin gani, ku je ku tambaya. Kuma a ƙasar nan Shaikh Bin Baz yana saurayi ya rasa ganinsa, ya zama babban mufti har rasuwarsa a 1999. Sanda kuma kada ya ji kunyarta. Mai rabin gani ma tana yi masa amfani, ita za ta gane masa ramin da idonsa ba ya kaiwa.

Musa_Sabil:
Ku kai shi Indiya. Na ji ana dasa wani abu jijiyar ta farfaɗo.

Bashir_Saidaliyya (Riyad):
Malam Musa har yau babu maganin da aka tabbatar yana tayar da jijiyar gani da ta mutu, a Indiya ko a ko'ina. Kada a sa su sayar da abin da suka mallaka. In ra'ayin likita na biyu suke so, su nemi tahawil, wato a tura su, zuwa likitan da ya haɗa ilimin ido da na jijiya, asibitin ido na Sarki Khalid a nan Riyad yana da su. @Ummu_Haidar ki duba ledar magungunansa ko akwai amiodarone, wani kwalin Cordarone ke rubuce. Ana yawan ba da shi bayan aikin zuciya, kuma a wasu mutane yana taɓa jijiyar gani. In yana ciki kada ki tsayar da kanki, ki sa likitan zuciya da na ido su yi magana. Ƙwayoyin ƙarin kuzarin maza irin su Viagra ma ya nisance su.

Malam_Iliyasu:
Sai maganar masallaci. Ibnu Ummi Maktum makaho ne kuma ladanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A nemi wanda zai riƙa kai shi jam'i, zaman ɗaki ba alheri ba ne.

Abu_Sadik_Misfala:
Malam amma Itban bin Malik da ganinsa ya yi rauni ai a gidansa aka ware masa wurin salla. Mutumin da ƙirjinsa bai haɗe ba a bar shi tukuna.

Sani_Mai_Sanda (Makka):
Ku duka kuna da hujja. Ni dai na fi son ya fita, ko ba don jam'i ba. Hajiya, in kin ji ya fara cewa gara ma ya mutu a kan teburin tiyata, ko ya ƙi abinci da magani, wannan ciwo ne na daban kuma yana da likita, kada ki ɓoye.

Ummu_Haidar (Jidda):
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na karanta masa maganar Aunty Hauwa a kan mutanen da yake gani, ya ce in sake karantawa, sannan ya tambayi ko Malam Sani zai yarda su yi magana. Jiya ya ci da hannunsa, ya zubar da miya a riga, na yi shiru. Cordarone yana cikin ledar, ranar Lahadi muna da mau'idi zan nuna. Maganar ƙara kuma ya ce a bar shi tukuna, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba.

Dan_Karantina:
Ko ba za ku kai ƙara ba ki karɓi taƙarir ɗin ki ajiye, kuma ki ɗauki hotonsa a waya. Wata rana kafili ko masu ta'amin za su nema.

Sani_Mai_Sanda (Makka):
Na yarda. Ki turo mini saƙo ta gefe, bayan la'asar na fi samun sarari.

Zainab_Taif:
Aunty Hauwa wata tambaya. Inna shekararta 67, likita ya ce mu zaɓa tsakanin na ƙarfe da na nama. Maganar ido tana da bambanci tsakaninsu, ko warfarin ɗin ne kawai bambancin?